Daga Hanji Zuwa Ƙoda: Yadda Tsakuwa Ke Tsirowa Bayan Tiyatar Hanji

Mu ƙaddara wani saurayi ne manomi a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke bakin Kogin Haɗejiya, tsakanin Auyo da Kiri Kasamma. Da damina zazzaɓi ya kama shi, aka yi ta ba shi magani a gida har mako biyu, sai rana ɗaya cikinsa ya kumbura ya yi tauri, ko taɓawa ba ya so a yi. Aka garzaya da shi asibiti, likitoci suka buɗe ciki suka tarar zazzaɓin taifot ya huda masa hanji a wurare da dama, har wani sashe ya lalace, dole aka yanke shi aka haɗa sauran. Allah ya ba shi lafiya, ya koma gonarsa. Bayan shekara biyu, yana cikin ban ruwa a fadama da tsakar bazara, sai wani ciwo ya soke shi a kwiɓi, ya gangaro zuwa mara, ya rasa zama ya rasa kwanciya, fitsarinsa kuma ya fito da jini-jini. Da aka ɗauki hoton cikinsa sai ga tsakuwa a ƙoda.

A gida za a yi ta kawo dalilai. Wani zai ce ruwan kogi mai yashi yake sha, wani ya ce tsakuwar shinkafa ce da ba a rege da kyau ba, wani ma ya zargi likitan da ya yi aikin farko. Duk ba haka ba ne. Babu wata hanya da tsakuwar da aka haɗiya za ta bi daga hanji ta shiga ƙoda, domin abin da ke tsakaninsu jini ne, jini kuwa ba ya ɗaukar abu sai wanda ya narke. Tsakuwar ƙoda a cikin ƙodar take tsirowa. Amma duk da haka akwai dangantaka tsakanin yankan hanjin da tsakuwar, kuma wannan dangantaka ita za mu bi diddiginta, domin darasi ne da ya haɗa ilmin halittu da ilmin sinadarai da ɗalibai ke karantawa a ajujuwa dabam-dabam kamar ba su san juna ba.

Yadda ruwa ke haifar da dutse

Kowane ɗalibi ya taɓa ganin abin da ke faruwa idan aka cika wa shayi sukari: wani ya narke, saura ya kwanta a gindin kofi. Kowane ruwa yana da iyakar abin da zai iya narkarwa. Idan aka narkar da gishiri a kwano aka shanya a rana, ruwan yana raguwa gishirin yana nan, har a kai lokacin da ruwan da ya saura ba zai iya riƙe shi ba, sai ya fara fitowa ƙwaya-ƙwaya masu kusurwa, waɗanda masana ke kira kiristal.

Fitsari ma ruwa ne da aka narkar da abubuwa a cikinsa. Ƙodoji biyu na mutum, kowace da 'yan matatai wajen miliyan ɗaya, suna tace kimanin lita 180 na ruwan jini a kowace rana, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, su bar lita ɗaya da rabi ko makamancin haka ya fita. A cikin wannan ɗan ruwa ne ake cusa dattin da jiki ba ya so. Biyu daga cikin abubuwan da ke ciki su ne suka fi damunmu a nan: kalsiyam, wato sinadarin da ke gina ƙashi da haƙori, da kuma okzalet, wani sinadari da tsirrai da yawa ke tarawa a ganyensu da 'ya'yansu, hanta ma tana yin kaɗan daga cikinsa. Jikin ɗan Adam ba ya amfani da okzalet ko kaɗan, kuma ba ya iya rusa shi, sai dai ya fitar da shi.

Kowannensu shi kaɗai ba shi da laifi. Amma idan suka haɗu sukan ƙulle su zama kalsiyam okzalet, wanda ba ya son narkewa. Lita ɗaya ta ruwa tana narkar da gishirin miya wajen giram 360, amma ba ta iya narkar da ko miligiram 10 na kalsiyam okzalet. Shi ya sa kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na tsakuwar ƙoda a duniya wannan sinadari ne. Wanda ya taɓa cin gwaza da ba ta dahu ba, maƙogwaronsa ya yi ta ƙaiƙayi, to ya riga ya gaisa da shi, domin gwaza cike take da 'yan allurai na kalsiyam okzalet waɗanda ido ba ya gani.

To me ya sa ba kowa ke yin tsakuwa ba? Dalili na farko yawan ruwa. Na biyu, jiki yana zuba wa fitsari masu raba faɗa. Babbansu shi ne sitiret, ɗan'uwan sinadarin da ke sa lemon tsami tsami, wanda ke riƙe kalsiyam ya hana shi isa ga okzalet. Sai magniziyam, shi kuma ya riƙe okzalet. Tsakuwa tana samun dama ne idan ruwa ya ragu, ko masu ƙullewa suka yi yawa, ko masu rabo suka yi ƙaranci. Abin da ya sa yankan hanji ya zama abin lura shi ne yana iya kawo ukun nan gaba ɗaya.

Cutar ba sabuwa ba ce. A 1901 an tono ƙasusuwan wani yaro a El-Amra ta ƙasar Masar tare da tsakuwar mafitsara, kuma an ƙiyasta ya rayu fiye da shekara 6,000 da suka wuce. Abul Ƙasim Al-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba ta Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana hanyar cire tsakuwa da kayan aikin farfasa ta a littafinsa At-Tasrif. Amma sanin cewa hanji na da hannu a ciki bai tabbata ba sai farkon shekarun 1970.

Mita ɗaya mai muhimmanci

Ƙaramin hanji dogon bututu ne, a babban mutum yakan kai mita 5 zuwa 6, a nannaɗe cikin ciki. Sashensa na ƙarshe, wanda ke haɗewa da babban hanji a ƙasan ciki ta hannun dama, sunansa iliyam. Yawancin aikin tsotse abinci kowane sashe na hanji na iya taya ɗan'uwansa, amma akwai ayyuka biyu da ƙarshen iliyam kaɗai ke yi: tsotse bitamin B12, da kuma mayar da gishirin ɗaci.

Gishirin ɗaci shi ne sinadarin da ke cikin ruwan matsarmama, wanda hanta ke yi. Aikinsa tamkar aikin sabulu ne a kwanon da aka ci miyar manja: yana farfasa maiƙo ya zama 'yan ɗige-ɗige yadda hanji zai iya tsotse shi. Jiki yana tattalinsa ƙwarai. Duk abin da mutum ke da shi bai wuce giram 2 zuwa 4 ba, amma bayan ya gama aiki iliyam yakan tsotse kimanin kashi 95 cikin ɗari ya mayar wa hanta, hanta ta sake turo shi, haka zai yi ta zagayawa sau da dama a yini, kamar guga ɗaya da ke shayar da gari.

Abin takaici, wannan wuri shi ne taifot ta fi so. Ƙwayar cutar, Salmonella Typhi, tana shiga ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata, ta yi sansani a wasu tarin ƙwayoyin garkuwar jiki da ke bangon ƙarshen iliyam. A mako na biyu zuwa na uku wurin yakan yi gyambo, gyambon kuma yana iya ɓulewa. Wannan yana daga cikin dalilan da suka fi kai yara da matasa ɗakin tiyata cikin gaggawa a asibitocin arewacin Nijeriya. A ƙasa irin ta Haɗejiya, inda kogi ke cika ya malala cikin gari, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022, ruwan masai da na rijiya sukan haɗe, cutar ta samu hanya.

A nan ya kamata a yi adalci, kada a tsorata mutane a banza. Yawancin waɗanda taifot ta huda musu hanji ɗinke ramin kawai ake yi, ko a yanke ɗan guntu. Irin waɗannan haɗarinsu ƙanƙane ne. Maganar ta fi shafar wanda aka yanke masa mai tsawo: wanda ramukan suka yi yawa, ko aka sake buɗe shi sau biyu sau uku, ko wanda gwaiwa ta shaƙe masa hanji har ya mutu, ko hanjin ya murɗe, ko tarin fuka ya kama hanjin, ko wanda ya sami mummunan rauni a ciki. Likitoci sun daɗe da lura cewa idan abin da aka cire na iliyam bai kai santimita 100 ba, hanta takan ƙara ƙoƙari ta cike gurbin gishirin ɗacin da ke zubewa, sai dai mutum ya yi fama da zawo. Idan ya haura haka, hanta takan gaza, maiƙo ya daina narkewa yadda ya kamata. Alamarsa bayan gida mai yawa, fari-fari, mai maiƙo da tsananin wari, wanda ke tasowa saman ruwa.

Sabulun da ake yi a cikin hanji

Yanzu mun zo zuciyar darasin. A hanjin mai lafiya, okzalet ɗin da ya zo cikin miyar alayyafo yakan gamu da kalsiyam ɗin da ya zo cikin abinci, su ƙulle tun a nan. Da yake abin da suka zama ba ya narkewa, hanji ba ya iya tsotse shi, sai ya wuce ya fita cikin bayan gida. Watau dai ana yin tsakuwar a wurin da ba ta cutarwa. Abin da ke tsallakawa zuwa jini bai cika wuce kashi 10 cikin ɗari ba.

Idan kuwa maiƙo ya yi saura a hanji, labari ya sauya. Duk wanda ya ga yadda mata ke yin sabulun salo ya san cewa idan aka haɗa mai da ruwan toka sabulu ake samu. Duk wanda kuma ya yi wanki da ruwan rijiya mai zartsi ya ga yadda sabulu ke ƙin kumfa, sai wani farin gudaji ya taso. Wannan gudaji kalsiyam ɗin ruwan ne ya ƙulle da maiƙon sabulun. Daidai wannan ne ke faruwa a hanjin saurayinmu. Maiƙon da bai narke ba yakan kwashe kalsiyam ya yi sabulu da shi, okzalet ya wayi gari ba abokin ƙullawa, ya zauna a narke. Da ya isa babban hanji sai ya tarar da ƙofa a buɗe, domin gishirin ɗaci da maiƙon da suka kwararo can suna sa bangon babban hanji ya yi sako-sako. Sai a tsotse ninki uku ko fiye na abin da aka saba. Jini ya kai shi ƙoda, can kuwa kalsiyam na jira.

Mai lafiya ba ya fitar da okzalet fiye da miligiram 40 zuwa 45 a fitsarin kwana ɗaya. Mai irin wannan matsala yakan ninka haka, wani ya haura 100. Ga zawo yana ɗebe ruwa, fitsari ya ragu. Ga bikabonet, wato sinadarin da ke kashe tsami a jiki, yana zubewa tare da zawon. Idan jini ya karkata zuwa tsami, ƙoda takan riƙe sitiret ta hana shi fita cikin fitsari. Magniziyam ma maiƙon yakan kwashe shi. Masu faɗa sun ƙaru, masu rabo sun watse, fili kuma ya ƙuntata.

Yadda aka tabbatar cewa babban hanji ne ƙofar abin koyi ne ga mai son sanin yadda masu kimiyya ke aiki. A 1977 wasu likitoci biyu a Amurka, Dobbins da Binder, suka kwatanta marasa lafiya iri biyu waɗanda dukkansu maiƙo ba ya narke musu: masu babban hanji, da waɗanda abincinsu ba ya bi ta babban hanji. Na farko ne kaɗai okzalet ya yi wa yawa a fitsari. A 1992 kuma likitocin Asibitin St Mark's na Landan suka bi tarihin mutanen da ƙaramin hanjinsu ya gajarta ƙwarai, suka ga cewa kimanin ɗaya cikin huɗu na masu babban hanji sun yi tsakuwar ƙoda, alhali waɗanda ba su da shi ba su yi ba. An kuma sami darasi mai ɗaci daga wata tiyatar rage ƙiba da aka yi yayi a Amurka da Turai a shekarun 1960 da 1970, inda ake tsallake yawancin ƙaramin hanji da gangan. Ƙiba ta ragu, amma tsakuwa da lalacewar ƙoda da ta hanta suka yi yawa har aka watsar da aikin. Tiyatar rage ƙiba ta zamani ta fi waccan sauƙi, amma ita ma wasu nau'o'inta suna ƙara haɗarin tsakuwa ta wannan hanya.

Akwai wani ɗan taliki da ya cancanci ambato. A babban hanjin mutane da yawa akwai ƙwayar bakteriya mai suna Oxalobacter formigenes, wadda aka bayyana a 1985, ba ta da abinci sai okzalet. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna hallaka ta. Wanda aka yi wa tiyatar hanji dole ne ya sha irin waɗannan magunguna, wannan ba laifi. Amma ɗabi'ar sayen kafso a kasuwa don kowane ciwon ciki tana kashe masu taimako tare da masu cutarwa.

Wanda aka fitar wa hanji ta ciki

Wani lokaci likita yakan ga ciki ya gurɓace ƙwarai, ɗinki ba zai riƙe ba, sai ya fito da bakin iliyam ta fatar ciki, bayan gida ya riƙa zuba a jaka har a sami sauƙi a mayar. Tunda abinci ba ya isa babban hanji, okzalet ba ya samun ƙofa. Amma wannan mutum bai tsira ba, wata tsakuwar ce ke jiransa.

Aikin babban hanji tsotse ruwa da gishiri ne: yakan karɓi kimanin lita ɗaya da rabi a rana ya bar abin da bai wuce kofi ɗaya ba. Idan aka tsallake shi, ruwa da gishiri da bikabonet suna tafiya cikin jaka. Fitsari ya zama kaɗan, kuma mai tsami. Ɗaliban kimiyya sun san ma'aunin tsami na pH, inda 7 ke tsakiya, ƙasa da haka tsami ne. Idan fitsari ya sauka ƙasa da 5.5, wani datti mai suna yurik asid, wanda jiki ke samarwa musamman daga nama da kayan ciki da kifi, yakan ƙi narkewa. Wani masani ɗan Suwidin, Carl Scheele, shi ya fara gano wannan sinadari a 1776, kuma a cikin tsakuwar mafitsara ya same shi. Tsakuwar yurik asid tana da hali biyu: ba ta fitowa a hoton eksre na yau da kullum, sai a hoton sikanin, kuma ita kam ana iya narkar da ita da magani, domin idan aka ɗaga fitsari daga pH 5 zuwa kusa da 7, abin da yake iya narkarwa na yurik asid yakan ninka fiye da sau goma. Kalsiyam okzalet kuwa in ta yi, ta yi. Babu jiƙo ko maganin da ke narkar da ita, kome mai talla a bakin kasuwa zai faɗa.

Zafin fadama

Ƙasar Haɗejiya ƙasar ruwa ce a tsakiyar zafi. Kogin Kano da na Chalawa ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗejiya, kuma tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Chalawa a 1992, ruwa yana gudana har da rani. Ga aikin ban ruwa na kwarin Haɗejiya a wajen Auyo, ga fadamun da suka miƙa ta Baturiya da Guri har Nguru. Sakamakon haka mutane suna aiki a rana a watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40: masu noman shinkafa da tattasai da albasa, masunta, da masu saran kacala don buɗe hanyar ruwa. Mai aikin ƙarfi a irin wannan zafi yana iya zubar da lita guda ta gumi a cikin awa ɗaya. Mutum yana tsaye cikin ruwa har gwiwa, amma ƙodarsa tana fama da fari.

Mai lafiya ma wannan yana iya jawo masa tsakuwa, balle wanda zawo ko jaka ke ɗebe masa ruwa ta wani gefen. Ga kuma abin da zai iya ruɗar da mutane: a wannan yanki fitsarin jini ba baƙo ba ne, saboda tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan da ke kwance inda 'yan dodon koɗi ke zama. Tsargiya takan kawo jini a ƙarshen fitsari, galibi ba tare da wannan mugun ciwon kwiɓi ba. Wanda aka taɓa yi wa tiyatar hanji kada ya ce ai tsargiya ce kawai ya sha magani ya kwanta. Ya je a duba, ya kuma gaya wa likita tarihin aikinsa.

An daɗe ana kuka da yawan ciwon gazawar ƙoda a Haɗejiya da Gashuwa. Wannan cuta ce dabam da tsakuwa, kada a haɗa su. Amma tsakuwar da ta toshe magudanar fitsari tsawon lokaci tana kashe ƙoda, kuma okzalet idan ya yi yawa yana iya daskarewa a cikin naman ƙodar kanta ya lalata ta ko da ba a ga tsakuwa ba. Ƙarshen wannan hanya wankin ƙoda ne ko dashe, irin wanda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara yi a 2002, aiki mai tsadar da ba kowane gida ke iya ɗauka ba.

Abin da ke cikin kwano

Shawarar da aka fi ba mai tsakuwa a gida ita ce ya bar nono da duk abin da ke da kalsiyam, tunda an ce tsakuwar kalsiyam ce. Wanda ya biyo mu zuwa nan ya san wannan kuskure ne, ga mai yankakken hanji ma kuskure ne mai haɗari. Kalsiyam a cikin hanji shi ne mai tsaron ƙofa. Abin da ake so shi ne ya kasance a cikin kwano ɗaya da abincin, lokaci ɗaya, domin ya kama okzalet kafin ya tsallaka. A nan al'adarmu ta yi dace: nonon da Fulani ke kawowa kasuwa an riga an kaɗa shi an cire man shanu, saboda haka yana da kalsiyam, maiƙonsa kuma kaɗan ne, daidai abin da ake nema. Ganyen kuka ma yana da kalsiyam, haka ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu. Wani lokaci likita yakan rubuta ƙwayar kalsiyam a sha tare da abinci.

Abu na biyu rage maiƙo: soye-soye, ƙosai, kitse, man shanu da miyar da mai ke yawo a kanta. Na uku rage masu yawan okzalet, kamar alayyafo, riɗi, gyaɗa, waken suya, dankali, kuɓewa, cakulan da baƙin shayi mai kauri. Ba a ce mai lafiya ya guje su ba, abinci ne masu amfani. Kuma ko ga majiyyacin, tafasa ganye a zubar da ruwan farko yana rage wani kaso. A rage gishiri da dunƙule, domin gishiri yana tura kalsiyam cikin fitsari. A guji shan ƙwayar bitamin C mai yawa ba da izinin likita ba, domin jiki yana juya rarar zuwa okzalet. Matsa lemon tsami a ruwan sha yana da amfani, ko da yake likita yana da maganin sitiret wanda ya fi shi ƙarfi.

Ruwa kuwa, ba abin da aka sha ake aunawa ba, abin da ya fita. Ana so fitsari ya kai lita 2 zuwa 2.5 a kwana, launinsa fari-fari. Idan ya yi ja kamar shayi, ruwa bai isa ba. Mai jaka a ciki yana da nasa sharaɗi: zallar ruwa mai yawa yana iya ƙara masa zubar, abin da ya fi masa shi ne ruwan gishiri da sukari, ko na leda da ake samu a asibiti, ko a haɗa lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Game da azumi, musamman idan ya faɗo cikin bazara, irin wannan majiyyaci ya tuntuɓi likita da malami tun kafin wata ya kama, domin Shari'a ta yi wa marar lafiya sauƙi.

Idan tsakuwar ta riga ta yi, girmanta ne ke yanke hukunci. Bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara tsawonsa santimita 25 zuwa 30 ne, faɗinsa milimita 3 zuwa 4 kacal. Wadda ba ta kai milimita 5 ba, kamar ƙwayar dawa, yawanci takan fita da kanta. Wadda ta haura milimita 10 da wuya. Akan farfasa ta daga waje da na'urar da ke aika girgiza, wadda aka fara amfani da ita a birnin Munik na Jamus a 1980, ko a shiga da siririn madubi ta hanyar fitsari, ko a yi tiyata. Idan ta fita, a tace fitsarin a ajiye ta a kai asibiti, domin sanin irinta shi ke nuna maganin da zai hana wata. Ciwon kwiɓi tare da zazzaɓi da rawar ɗari, ko ɗaukewar fitsari, ko aman da ba ya tsayawa, ba abin jira ba ne har gari ya waye. Kuma a yi hattara da magungunan kashe zafi irin su diklofenak: suna kwantar da ciwon, amma suna cutar da ƙodar wanda ruwan jikinsa ya ƙare.

Don malamai

Ana iya nuna yawancin wannan darasi a aji ba tare da kayan waje ba. A sami kwalabe biyu, ɗaya da ruwan sama, ɗaya da ruwan rijiya mai zartsi ko ruwan da aka jiƙa farar ƙasa aka tace, a jefa ɗan sabulun salo daidai wa daida a kowace, a girgiza. Ta farko za ta yi kumfa, ta biyu gudaji. A tambayi ɗalibai ina kalsiyam ya tafi, sa'an nan a tambaye su me zai sami okzalet da a ce kwalbar hanji ce. Don ma'aunin tsami, jiƙaƙƙen zoɓo ya isa: ɗigon lemon tsami zai ƙara masa ja, ruwan kanwa kuma ya juya shi zuwa kore-kore mai duhu. Makarantar da ke da madubin ƙara girman abu, a kankare ɗanyar gwaza a ɗiga ruwanta a kan gilashi, a rufe, a duba da ƙaramin ƙarfi tukuna sa'an nan a ƙara. Za a ga allurai siri-siri, wasu a ɗaure kamar damin kara, wasu a warwatse. A gargaɗi ɗalibai kada su kai hannu ido ko baki kafin su wanke.